Tsoron Allah da Dokar Ƙasa a Gaban Matsalar Tsaro: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka kai hari a wani ƙauye, abu biyu ake ji a bakin jama'a: "a koma ga Allah" da "gwamnati ta ɗauki mataki". Sau da yawa ana faɗinsu kamar ba su da alaƙa da juna. Amsoshin da ke ƙasa suna bayanin inda suka haɗu a Najeriya, wato yadda amana da adalci da kare rai suke zama sashen doka, su samu kuɗi a kasafi, sannan a bi diddigin aiwatar da su.

Me ya haɗa addini da aikin majalisa, alhali ƙasar ba ta da addinin gwamnati?

Sashe na 10 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini a matsayin addinin hukuma. Sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin addininsa. Amma kundin bai kori addini daga rayuwar jama'a ba. Gabatarwarsa ta ce ƙasa ce ɗaya a ƙarƙashin Allah, kuma kafin ɗan majalisa ya zauna a kujerarsa sai ya yi rantsuwa, mafi yawansu da Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki a hannu. Sanatoci 109 da wakilai 360 ba sa ajiye imaninsu a bakin ƙofa.

Sashe na 14(2)(b) ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 23 ya lissafa ɗabi'un ƙasa, daga cikinsu akwai ɗa'a, riƙon gaskiya, adalci tsakanin jama'a da haƙuri da addinin juna. Sai dai akwai tarko a nan. Waɗannan sassa suna cikin Babi na Biyu, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana a kai gwamnati kotu kai tsaye a kan saɓa masa. Saboda haka idan majalisa ba ta zauna ta yi doka ta musamman da ke ɗora wa wani jami'i takamaiman aiki ba, waɗannan kyawawan kalmomi suna nan ne kawai a takarda.

Addu'a kaɗai ba za ta wadatar ba?

Addinan biyu ba su koyar da haka ba. Da wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, amsar da ya samu ita ce ya ɗaure shi sannan ya dogara. A littafin Nehemiya, masu gyaran garun Urushalima sun yi addu'a, suka kuma sa masu gadi dare da rana. Suratu Ƙuraishi ta haɗa ni'ima biyu a aya ɗaya: ciyarwa daga yunwa da amintarwa daga tsoro. Manomin da bai iya zuwa gonarsa ya san cewa ɗaya ba ta samuwa sai da ɗayar.

Alƙunutu da azumi da addu'o'in coci suna da muhimmanci, suna ƙarfafa zuciyar mutanen da aka jarrabta. Abin da bai dace ba shi ne mai riƙe da kasafin kuɗi da ikon yin doka ya fake da kiran addu'a ya bar aikin da aka zaɓe shi dominsa. Talaka addu'arsa ita ce iyakar ƙarfinsa. Ɗan majalisa kuwa an damƙa masa igiyar raƙumin.

Waɗanne ɗabi'un addini ne za a iya mayarwa doka ba tare da an tauye wani ba?

Waɗanda Musulmi da Kirista da mai bin al'ada za su iya sa hannu a kansu tare. Malaman Musulunci sun daɗe da cewa shari'a ta zo ne don kare abu biyar: addini, rai, hankali, nasaba da dukiya. Babu fasto da zai yi musun ɗaya daga ciki. Aikin shi ne fassara su zuwa yaren doka, mai faɗin wane ne zai yi me, cikin kwana nawa, kuma me zai same shi idan ya ƙi.

Ga misali na kusa. Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, littafin Ezekiyel ma ya ce ɗa ba zai ɗauki alhakin ubansa ba. A aikace kuwa, an saba jami'ai su zo neman saurayi da asuba, idan ba su same shi ba su tafi da tsohuwarsa ko matarsa da goyo a baya, a ce sai ya kawo kansa za a sake ta. Sashe na 7 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya haramta wannan ƙarara, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta sake jaddada haramcin. To ka ga aya ta zama sashe. Yanzu lauya zai iya tsayawa gaban alƙali ya karanta shi, ya nemi a saki matar, ya kuma nemi diyya.

Haka umarnin Suratul Hujurati na a tantance labari kafin a yi aiki da shi. Idan aka juya shi zuwa doka, shi ne ƙa'idar cewa a naɗi bayanin amsa laifi a bidiyo ko a ɗauke shi a gaban lauya, da kuma ƙa'idojin da ya kamata a cika kafin jirgi ya saki bam a kan taron mutane. Haramcin azabtarwa ya zama Dokar Hana Azabtarwa ta 2017, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da aka samu da laifi. Kula da maraya da almajiri ya zama dokar 2023 da ta kafa hukumar ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Ita kuwa amana, wurinta shi ne dokokin sayen kaya da binciken kuɗi, kuma a nan ne aka fi rauni.

Yaya ƙudiri yake zama doka, kuma a ina yake yawan mutuwa?

Ƙudiri na iya fitowa daga shugaban ƙasa ko daga ɗan majalisa. A karatu na farko sunansa kawai ake ambata. A karatu na biyu ake muhawara kan manufarsa, idan ya tsallake a miƙa shi ga kwamiti. Kwamitin yakan kira zaman jin ra'ayin jama'a, ya rubuta rahoto, sannan zauren ya bi sassan ɗaya bayan ɗaya. Bayan karatu na uku sai a aika wa ɗaya majalisar ta bi irin wannan hanya. Idan rubutun biyu ya saɓa, a kafa kwamitin daidaitawa. Daga nan Akawun Majalisa ya kai wa shugaban ƙasa, wanda sashe na 58 na kundin tsarin mulki ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa za su iya zartar da shi ba tare da shi ba, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Maƙabartar ƙudirori ita ce kwamiti. Wani lokaci babu kuɗin shirya zaman jin ra'ayi, wani lokaci hukumar da ƙudirin zai rage wa iko ce take bi ta bayan fage. Wuri na biyu shi ne tsakanin majalisun biyu: Dattawa su zartar, Wakilai su yi shiru, har wa'adin shekara huɗu ya ƙare. Da zarar majalisa ta rushe, ƙudirin da bai kammala ba sai an sake gabatar da shi a sabuwa.

Kullum muna jin majalisa ta "umarci" sojoji su je wuri kaza. Me ya sa ba sa zuwa?

Domin wannan matsaya ce, ba doka ba. Ɗan majalisa ya tashi da batun gaggawa, a yi shiru na minti ɗaya don waɗanda aka kashe, a amince da roƙonsa. Matsayar tana da nauyin siyasa amma ba ta tilasta wa ɓangaren zartarwa. Sashe na 218 ya ba shugaban ƙasa ikon sarrafa sojoji. Ƙarfin majalisa na gaske yana wuri uku: yin doka, amincewa da kasafi, da bincike a ƙarƙashin sashe na 88 da 89, inda za ta iya gayyatar kowa, ta nemi takardu, har ta ba da sammacin kawo wanda ya ƙi zuwa.

Waɗanne dokokin tsaro ake da su a yanzu?

Dokar yaƙi da ta'addanci ta farko ta fito a 2011, aka yi mata gyara a 2013, sannan aka maye gurbinta da sabuwa a watan Mayu na 2022. Sabuwar ta ba cibiyar yaƙi da ta'addanci da ke ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro gindin zama a doka, ta kuma tsara yadda ake toshe dukiyar masu ɗaukar nauyin ta'addanci. A shekarar ne aka sa hannu kan sabuwar dokar hana halasta kuɗin haram da dokar ƙwato dukiyar da aka samu ta hanyar laifi. A Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda, aka wallafa hakan a jaridar gwamnati a Janairu 2022. Dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai ta samu sa hannu a 2024, bayan an shafe shekaru ana dogaro da dokar bindigogi ta 1959. Akwai kuma dokokin da suka kafa hukumar raya Arewa maso Gabas a 2017 da ta Arewa maso Yamma a 2024.

Da duk waɗannan dokoki, me ya sa har yanzu ƙauyuka ke biyan haraji ga 'yan bindiga?

A sassan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, idan kaka ta yi, sai ɗan aike ya zo daga daji da adadin da za a biya kafin a yi girbi. Mai gari ya tara magidanta a ƙofar gidansa, a raba kuɗin gida-gida, wanda ba shi da shi ya sayar da akuya ko ya ci bashi. Wasu garuruwan har sai sun tura matasansu su yi wa ɗan bindiga noma a gonarsa. Babu sashen dokar da bai haramta wannan ba. Abin da babu shi ne jami'in da zai kwana a garin.

Dalilai sun haɗa da tazarar da ke tsakanin kuɗin da aka rubuta a kasafi da wanda aka saki, da jinkirin alawus na waɗanda ke fagen daga, da kwangilar makamai da ake ɓoyewa da sunan sirrin tsaro. Binciken da aka fara a 2015 kan zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai ya nuna girman ramin. Sai kuma kuɗin tsaro da gwamnoni da wasu shugabanni ke karɓa duk wata, wanda ba a bin sawunsa kamar sauran kuɗin gwamnati. Wani lokaci kuma kuskuren daga rubutun dokar yake. Dokar Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda ta 2019 ta ce a riƙa cire kashi 0.5 cikin ɗari daga asusun tarayya, amma jihar Ribas ta kai ƙara, kuma a 2022 Babbar Kotun Tarayya ta ce cirewar ta saɓa wa kundin tsarin mulki.

Duk wa'azin da za a yi kan amana, idan bai kai ga dokar da za ta tilasta a binciki kuɗin tsaro ba, ko da a zaman sirri ne na kwamitin da aka rantsar, to ya tsaya a kan mumbari. Wanda ya ci kuɗin harsashi yana da hannu a jinin sojan da harsashi ya ƙare masa a daji, kuma ya kamata malamai su riƙa faɗin haka da irin zafin da suke faɗin sauran zunubai.

Me ya sa kuke yawan maganar haƙƙin waɗanda ake zargi, alhali su ba sa tausayin kowa?

Saboda zalunci iri ne da ke tsiro. An san Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da faɗin cewa mulki yana iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci, kuma tarihin shekarun nan ya tabbatar da maganar. A ƙarshen Yuli 2009 sojoji suka kama shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf da ransa a Maiduguri suka miƙa shi ga 'yan sanda, aka kashe shi ba tare da an kai shi kotu ba. Hotunan wannan kisa da na wasu da aka harbe a bakin titi sun zama kayan da mabiyansa suka yi shekaru suna jan matasa da su. Da an gurfanar da shi, da ƙasa ta ji daga bakinsa su wa ke ba shi kuɗi.

Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, duk da cewa laifukan da hukuncinsu kisa ne suna da tanadi na daban. Da aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a barikin Wawa da ke Kainji a Oktoba 2017, an sallami ɗaruruwa saboda babu hujja a kansu, bayan wasunsu sun yi shekaru a tsare. Kowane ɗayansu yana da dangi da suka ga abin da aka yi masa. Sashe na 34 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya wajabta wa majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda na yankinsa duk wata ya duba waɗanda ke tsare. Da ana yin wannan kaɗai, da an rage ɓarna mai yawa.

Sai batun kuskuren jiragen yaƙi, kamar na sansanin 'yan gudun hijira a Rann a Janairu 2017 da na masu Mauludi a Tudun Biri a ranar 3 ga Disamba 2023. Musulunci ya wajabta diyya a kisan kuskure. Abin da ya dace shi ne diyyar ta zama haƙƙi a rubuce, da adadi da wa'adin biya da hukumar da za a kai wa ƙara, kada ta dogara ga tausayin wanda ke kan mulki a ranar.

Addini ya yarda a yi sulhu da 'yan bindiga, ko a karɓi tubabbun 'yan Boko Haram?

Ya buɗe ƙofar, amma da sharuɗa. Aya ta 33 a Suratul Ma'ida ta faɗi hukunci mai tsanani ga masu tare hanya da ɓarna a bayan ƙasa, aya ta 34 ta cire waɗanda suka tuba kafin a ci ƙarfinsu. Malamai da dama sun yi bayanin cewa irin wannan tuba tana sauke haddi, amma haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan sai masu shi sun yafe ko an biya su. A Kiristanci ma gafara tana tafiya da mayar da abin da aka ƙwace, kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayarwa ninki huɗu.

Inda ake samun matsala shi ne sulhun baki da baki. Gwamnatin Aminu Bello Masari a Katsina ta gwada sau biyu, na ƙarshe a 2019, kuma a 2020 gwamnan da kansa ya ce an ci amanarsa. Zamfara ma ta gwada a 2019. Dalilan rushewar sanannu ne: babu shugaba ɗaya da dukkan 'yan bindigar ke yi wa biyayya, ana miƙa tsofaffin bindigogi a ɓoye masu kyau, jiha ɗaya ta yi sulhu maƙwabciyarta na yaƙi sai maharan su ƙaura, kuma ba a tambayar matar da aka kashe wa miji ko ta yafe. Shirin gwamnatin tarayya na sauya tunanin tubabbu da aka fara a 2016, mai sansani a Malam Sidi a jihar Gombe, ya fi tsari, amma shi ma ƙorafin da ake yi a kansa shi ne an kula da wanda ya yi ɓarna fiye da wanda aka yi wa.

Dokar sulhu mai ma'ana sai ta fayyace wanda ya cancanta da wanda dole ya fuskanci kotu, yadda za a ƙirga makamai a yi musu rajista, asusun biyan waɗanda aka cuta, wurin da jama'ar gari za su faɗi abin da aka yi musu, da hukuncin wanda ya koma daji. Sai kuma tushen rikicin: burtali da mashaya da makiyayar da dokar Jihar Arewa ta 1965 ta keɓe, waɗanda aka cinye da gonaki da gine-gine, da kotunan da makiyayi da manomi duk suka daina yarda da su.

Ya halatta a biya kuɗin fansa? Doka ta hana?

Malamai ba sa ɗora zunubi a kan wanda aka tilasta wa biya don ceton ran ɗan'uwansa. Zunubin na mai karɓa ne. A Afrilu 2022 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran da ya tanadi ɗaurin shekara 15 ga mai biyan fansa, jama'a kuma suka yi ca a kansa. Hujjar masu gyaran gaskiya ce, kuɗin fansa ne ke sayen babura da bindigogi. Amma hukunta uban da ya sayar da gonarsa bayan gwamnati ta kasa kare 'yarsa zai sa mutane su daina kai rahoto ne kawai. Ƙarfin doka ya fi amfani a kan infoma, da masu kai wa daji mai da abinci da ƙwayoyi, da dillalan makamai, da masu karɓar kuɗin su juya su zuwa shanu da filaye a birni.

Dokar tantance masu wa'azi za ta taimaka?

Tunanin ya samo asali ne daga rikicin Maitatsine a Kano a Disamba 1980, wanda ya ci rayuka sama da 4,000, ya kuma sake ɓulla a Bulunkutu da Kaduna a 1982, Jimeta a 1984 da Gombe a 1985. Jihohi da dama sun yi dokokin wa'azi bayan nan, ciki har da Kaduna a 1984. Da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta kawo sabon ƙudiri a 2016, Musulmi da Kirista duk sun nuna damuwa, kuma a 2019 babbar kotun jihar ta yanke hukuncin da bai yi wa ƙudirin daɗi ba.

Haɗarin lasisi shi ne gwamnati ta mayar da shi sandar dukan malamin da ke sukarta, ko ɗariƙa ɗaya ta mamaye hukumar ta toshe bakin sauran. Kuma yau mai tunzura jama'a ba ya buƙatar mumbari, wayarsa da Facebook ko TikTok sun ishe shi. Ya fi sauƙin karewa a kotu idan doka ta hukunta takamaiman aiki, kamar kiran a kashe wani ko halasta jinin wata al'umma, maimakon ta ce kowa sai ya nemi izini kafin ya buɗe baki. Kada kuma a manta cewa malamai ne suka fara tunkarar aƙidar Boko Haram da hujja. An harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana jan sallar asuba a Ɗorayi a Afrilu 2007, aka kashe Sheikh Albani Zariya a Fabrairu 2014. Irin waɗannan kariya suke buƙata daga doka.

Jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci ma ba su tsira ba. Me ya faru?

Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoba 1999, wasu jihohi 11 suka bi wannan hanya. Dokokinsu sun tanadi hukuncin fashi da kisa. Amma alƙali ba ya shiga daji ya kamo mai laifi. Kamawa da bincike suna hannun 'yan sandan tarayya, shari'ar ta'addanci kuma ta Babbar Kotun Tarayya ce. Ban da haka, an fi mayar da hankali kan haddi fiye da ɓangaren da ke hana laifi tun daga tushe: zakka da waƙafi masu tsari, ilimi, da hukunta babba kamar yadda ake hukunta ƙarami. Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannun ɓarawo a shekarar fari, domin ya san shugaba sai ya ciyar kafin ya hukunta.

'Yan sandan jiha fa? Me ya hana a kafa?

Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar. Sashe na 215 ya yarda gwamna ya ba kwamishina umarni, amma kwamishinan zai iya cewa sai an ji daga shugaban ƙasa. Canja wannan sai da gyaran kundi bisa sashe na 9: kashi biyu cikin uku na Dattawa da na Wakilai, da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. A Fabrairu 2024 shugaban ƙasa da gwamnoni suka amince a duba batun.

Kafin nan jihohi sun bi ta gefe. Borno tana da 'yan kato-da-gora tun 2013, Kudu maso Yamma ta kafa Amotekun a 2020, Katsina ta ƙaddamar da dakarunta a Oktoba 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairu 2024. Sun san daji, sun san fuska, amma doka ba ta ba su manyan makamai ba. Tsoron da dattawa ke yi ma yana da tushe, domin sun ga yadda aka yi amfani da 'yan doka da dogaran En'e a kan 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU a Jamhuriya ta Farko. Sun kuma ga yadda kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba ya ƙara rura wutar Zamfara. Duk dokar da za ta kafa irin wannan runduna sai ta tanadi hukumar ɗaukar aiki da gwamna ba zai juya ta shi kaɗai ba, da wakilcin kowace ƙabila da addini na yankin, da rajistar kowace bindiga, da albashin da ba ya yankewa, da haramcin amfani da su a harkar zaɓe. Mutumin da aka ba bindiga aka hana shi albashi wata shida, an riga an san inda zai nemi abinci.

Dokar ta-ɓaci tana magance matsalar?

Sashe na 305 ya ba shugaban ƙasa ikon ayyana ta, amma sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun amince cikin kwana 2 idan suna zama, ko kwana 10 idan suna hutu. Wa'adinta wata shida ne, ana iya sabuntawa. An sa ta a Borno da Yobe da Adamawa a Mayu 2013, kuma tana aiki aka sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilu 2014. Tana ƙara wa jami'ai iko, ba ta ƙara musu kayan aiki ko yardar jama'a.

A aikace, me limami ko fasto ko ƙungiyar unguwa za su yi don muryarsu ta shiga doka?

Haɗin guiwa yana da tarihi. An kafa majalisar tuntuɓar juna tsakanin addinai ta ƙasa a 1999, Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN ne ke jagorantarta tare. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suka yaƙi juna, sun taimaka aka cimma yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002. A Yuni 2018 Imam Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa a yankin Barikin Ladi. Takardar da limami da fasto suka sa wa hannu tare ta fi wuyar turewa a gaban kwamiti fiye da wadda ɓangare ɗaya ya kawo.

Idan an sanar da zaman jin ra'ayi a jarida, a nemi kwafin ƙudirin daga akawun kwamitin, a duba ranar rufe karɓar takardu da adadin kwafin da ake so. Takardar kada ta wuce shafi biyu ko uku. A rubuta sunan ƙudirin da lambarsa, a ambaci sashen da ake magana a kai, a kawo kalmominsa yadda suke, sannan a rubuta kalmomin da ake so a maye gurbinsu da su. Kwamiti ya fi ɗaukar gyaran da aka riga aka rubuta masa fiye da dogon wa'azi. A haɗa da hujja daga ƙasa: ranakun hare-hare, sunayen garuruwa, adadin waɗanda aka sace da kuɗin da aka biya, da sa hannun mai gari ko hakimi idan zai yiwu, amma a ɓoye sunan duk wanda bayyana shi zai jefa cikin haɗari. A nemi lauya ya duba kada gyaran ya ci karo da kundin tsarin mulki.

Idan ƙorafi ne a kan jami'i ko hukuma, ana miƙa shi ta hannun ɗan majalisar mazaɓa, ya gabatar a zaure a tura wa kwamitin ƙorafe-ƙorafen jama'a. Ana iya kai wa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata, ko da yake tana iya fakewa da sirrin tsaro, don haka a tambayi abin da ba sirri ba ne, kamar nawa aka saki don gina ofishin 'yan sanda na gari kaza da sunan ɗan kwangilar. A riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, a rubuta ranar, a koma bayan mako biyu a tambayi inda takardar ta kwana.